Dare Ɗaya a Rumfar Kuza

Kaneng ce ta ja ni, 'yar maƙwabcina,
wai, "Baba Ilu, zo ka ga abin da muke yi."
Na rufe shagon rediyo a Dilimi,
na ɗora rigar sanyi a kan rigar sanyi, sai Bukuru,
wata tsohuwar rumfar wankin kuza da tsatsa ta cinye kwanonta,
bakin kududdufin da aka haƙa aka bar mana.

Ba mu wuce mutum talatin ba.
Aka ce kowa ya zauna a kan taya.

Na duba ganga, babu.
Molo, sarewa, ko da gwangwanin kirki, babu.
Sai Davou ya fito da fanka marar fiffike,
ya ɗaura mata cokula bakwai da zare,
ya kunna.
Ƙil, ƙil, ƙil, ƙarararas.
Ya kara kunne kamar likita a ƙirjin jariri.

Tasallah ta zauna gaban makirfo
da kwandon dankalin Bokkos da wuƙa.
Fera take yi. Fera kawai.
Lasifika ta ɗauko kukan ɓawo yana rabuwa da jiki.
Shekara hamsin da shida ina cin dankali,
ban san yana da murya ba.

Wani dogo, kwat da taye, ƙafa ba takalmi,
yana bin mu da tef ɗin tela,
yana auna inuwar kowa yana rubutawa.
Ya zo kaina ya ce, "Taka ta ragu da inci biyu daga bara."
Na ce, "Bara ka san ni?"
Ya yanka mini rasit.

Can wata yarinya tana karanta takardar kuɗin wuta
da muryar mai ta'aziyya,
lamba bayan lamba, har bashin watan jiya.
Wani ya share hawaye.
Ni dariya ce ta taso, na danne ta da tari.

Ana cikin haka janareta ya shaƙe sau biyu ya mutu.
Duhu. Fanka ta ja numfashi ta tsaya,
cokalin ƙarshe ya ce ƙil.
Ba wanda ya motsa,
sun ɗauka cikin shirin ne.
Kwaɗin kududdufi suka karɓi fage,
iska tana taɓa kwano,
wuƙar Tasallah ba ta daina ba,
ba lasifika, amma ina jin ta.
Minti biyar. Goma.

Ni na san mutuwar filogi idan na ji ta.
Na tashi, na cije tocila da haƙori,
na kwance, na kankare, na hura, na mayar,
na ja igiya. Ya ƙi.
Na ja. Ya ƙi.
Na yi masa zagin da ba na yi gaban yara.
A ja na uku ya kama.

Haske ya same ni a tsugune, hannu duk baƙin mai,
ido sittin a kaina.
Sai tafi, raf, raf, raf, har kwano yana amsawa.
Wani malamin jami'a ya riƙe hannuna da maiƙonsa
yana tambaya wata nawa na yi ina atisaye,
kuma me nake nufi da ja na biyu.
Na ce, "Filogi ne."
Ya rubuta.

Kaneng dariya har da riƙe ciki.
Aka raba dankalin, ɗanye, kowa ɗaya.

Da safe na buɗe shago.
Rediyon Malam Barau tana kan tebur kwana huɗu,
ba ta kama tasha, sai shuuu,
a ƙasan shuuu kuma wani siririn kuka
mai hawa da sauka kamar mai neman ƙofa.
Na ɗauki sukudireba.
Na ajiye.
Bari dai ta gama tukuna.

Rasit ɗin inuwata yana aljihun gaba,
har yau ban san ofishin da ake kai shi ba.